Mene ne Fasistanci, kuma me ya raba shi da sauran mulkin kama-karya?

Tambaya: Kullum ina jin ana kiran wannan shugaba ko wancan ɗan Fasist. Shin Fasistanci aƙida ce mai tsari kamar gurguzu, ko kuwa wani suna ne kawai na mulkin kama-karya? Kuma yaya aka yi mutane masu ilimi a Turai suka bi shi?

Amsa: Aƙida ce, ɗan'uwa, sai dai tambayar taka ta taɓo wurin da masana kansu suka daɗe suna ja-in-ja. Mai son sanin gurguzu zai iya ɗaukar rubuce-rubucen Karl Marx ya zauna da su, ya tashi ya san inda aka dosa. Fasistanci ba haka ya zo ba. A kan titi ya soma, da kulki da ƙone-ƙone, daga baya aka nemo masa bayani. Benito Musolini ya kafa ƙungiyarsa a birnin Milan ranar 23 ga Maris, 1919, ya hau mulki a 1922, amma rubutaccen bayanin aƙidar da ke ɗauke da sunansa bai fito ba sai 1932, kuma ɓangaren falsafar da ke ciki Giovanni Gentile ne ya rubuta. Duk wanda ya tsaya ga abin da 'yan Fasist suka faɗa zai ruɗe, domin maganarsu ta sha canzawa. Dole a haɗa da abin da suka aikata.

Akwai dai jigon da bai taɓa canzawa ba. A wurin ɗan Fasist, al'umma jiki ɗaya ce mai rai, kuma ta fi kowane mutum da ke cikinta daraja. A da tana da girma, yanzu an wulaƙanta ta, tana ruɓewa, kuma akwai masu laifi: maƙiya na waje, da waɗanda suka fi su haɗari, wato maciya amana na cikin gida. Majalisar dokoki da jam'iyyu barkatai da jaridu masu suka duk alamun cutar ne, tunda suna raba kan jama'a. Magani shi ne al'umma ta farfaɗo ta tashi sabuwa fil a hannun jagora ɗaya, wanda ya san muradinta ba sai an kaɗa masa ƙuri'a ba, bayan an tsarkake ta daga duk wanda aka ce ba nata ba ne. Masanin tarihi Roger Griffin ya taƙaita abin da cewa tsananin kishin ƙasa ne haɗe da alƙawarin farfaɗowa bayan lalacewa, kuma a ganina wannan ma'anar ta fi sauran kama gaskiya. Sai batun amfani da ƙarfi. Gwamnatoci da yawa sun zubar da jini suna neman uzuri ko suna ɓoyewa. Ɗan Fasist alfahari yake yi da shi, yana ganin yaƙi ne ke gina mazaje, ya wanke al'umma daga lalaci. Bayanin nan na 1932 ya fito fili ya ce bai yarda zaman lafiya mai ɗorewa zai yiwu ba, bai kuma ga amfaninsa ba.

Ba za ka fahimci yadda irin wannan magana ta sami masu saurare ba sai ka dubi halin da Italiya take ciki bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ta shiga yaƙin a 1915, ta rasa sojoji wajen 600,000, tana cikin waɗanda suka yi nasara, amma a taron sulhu na Faris ba ta sami dukkan yankunan da ta sa rai ba. Masu kishin ƙasa suka ce an yi musu nasara mai naƙasa. Sojoji suka dawo gida ba aiki, kaya sun yi tsada, ga juyin juya halin Rasha na 1917 yana ƙara wa ma'aikata ƙarfin gwiwa, yana kuma hana masu dukiya barci. A shekarun 1919 da 1920 yajin aiki ya game ƙasar, leburorin gona suka riƙa mamaye filaye, a watan Satumban 1920 ma'aikata suka ƙwace masana'antu a Turin da Milan suka zauna a ciki. Shi kansa Musolini ɗan gurguzu ne a da, har ya riƙe jaridar jam'iyyar, wadda ake kira Avanti!, kafin a kore shi a 1914 saboda ya goyi bayan shiga yaƙi. Manufofin da ƙungiyarsa ta fitar a 1919 sun ƙunshi ba mata 'yancin zaɓe, da aikin awa 8 a rana, da haraji mai nauyi a kan jari. Da waɗannan ya shiga zaɓen Nuwamban 1919, bai ci kujera ko ɗaya ba, a Milan ma ƙuri'unsa ba su kai 5,000 ba.

Abin da ya tayar da shi daga wannan kaye shi ne 'yan banga. Daga ƙarshen 1920 gungun matasa masu baƙar riga, da yawansu tsofaffin sojoji, suka riƙa hawa manyan motoci da dare suna afka wa ƙauyukan kwarin kogin Po da ke arewacin Italiya. Su ƙona ofishin ƙungiyar ƙwadago, su lakaɗa wa shugabanta duka, su ɗura masa man zurma don ya yi gudawa a bainar jama'a, wani lokaci su kashe shi. Manyan masu gonaki ne ke biyan kuɗin mota da makamai, 'yan sanda da sojoji kuma suna kawar da kai. A 1921 tsohon ɗan siyasa Giovanni Giolitti, wanda yake firaminista, ya shigar da su cikin ƙawancensa na zaɓe da tunanin zai iya horar da su, suka fito da kujeru 35.

A nan nake so ka tsaya da kyau, domin shi ne abin da aka fi mantawa. Ana yawan ba da labarin tattakin da masu baƙar riga suka yi zuwa birnin Rum a watan Oktoban 1922 kamar sun ci birnin da yaƙi. Ba su ci ba. Sojojin gwamnati suna da ƙarfin tarwatsa su, firaminista Luigi Facta ya ma shirya dokar ta-ɓaci, sarki Victor Emmanuel na III ya ƙi sa hannu, ya aika a kira Musolini ya kafa gwamnati. A jirgin ƙasa ya zo daga Milan. Gwamnatinsa ta farko ta haɗaka ce, da masu sassaucin ra'ayi da 'yan jam'iyyar Katolika a ciki, majalisa kuma ta amince da ita. Sauran aikin sannu a hankali aka yi shi, akasari ta hanyar doka. Dokar Acerbo ta 1923 ta ce jam'iyyar da ta zo kan gaba, muddin ta sami kashi 25 cikin ɗari na ƙuri'u, za ta kwashe kashi biyu cikin uku na kujeru. Ɗan majalisa Giacomo Matteotti ya miƙe ya tona maguɗi da ta'addancin zaɓen 1924, aka sace shi ranar 10 ga Yuni aka kashe. A wannan lokacin gwamnatin ta girgiza ƙwarai, da sarki ya so da ya sallami Musolini, bai yi ba. Ranar 3 ga Janairun 1925 Musolini ya tsaya a majalisa ya ce shi ke ɗauke da alhakin duk abin da ya faru, ba wanda ya iya taɓa shi. Zuwa ƙarshen 1926 an haramta sauran jam'iyyu, an rufe bakin jaridu, an kama irin su Antonio Gramsci, jagoran 'yan kwaminis.

Jamus ta bi kusan wannan hanya. A zaɓen 1928 jam'iyyar Nazi ta Hitila kashi 2.6 cikin ɗari na ƙuri'u ta samu. Tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, marasa aiki a Jamus suka kai kimanin miliyan 6, sai ga ta da kashi 18.3 a 1930, da kashi 37.3 a Yulin 1932. A zaɓen Nuwamban wannan shekarar ta sauko zuwa kashi 33.1, wato ta fara ja da baya, kuma ba ta taɓa samun rinjaye ita kaɗai a zaɓe mai 'yanci ba. A daidai wannan lokacin ne masu ra'ayin riƙau da ke kewaye da shugaba Hindenburg, Franz von Papen na gaba-gaba, suka lallashe shi ya naɗa Hitila shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933. Lissafinsu shi ne ministocin Nazi biyu kawai ne a majalisar zartarwa ban da shi, za su yi amfani da magoya bayansa su murƙushe 'yan gurguzu, sannan su ajiye shi gefe. Kura suka ba ajiyar nama. Ginin majalisa ya ƙone ranar 27 ga Fabrairu, aka dakatar da 'yancin jama'a washegari, ranar 23 ga Maris majalisa ta miƙa wa Hitila ikon yin doka shi kaɗai, jam'iyyar SPD ta 'yan gurguzu masu sassauci ce kawai ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa, 'yan kwaminis kuwa suna tsare ko sun gudu. Masanin tarihi Robert Paxton, wanda ya yi zurfin nazarin wannan ɓangaren, ya nuna cewa a ƙasashen biyun nan da Fasistanci ya hau mulki da ƙarfin kansa na cikin gida, manyan ƙasa ne suka buɗe masa ƙofa. Su ma masu adawa da shi suna da nasu kason, domin daga 1928 'yan kwaminis, bisa umarnin Mosko, suka ɗauki 'yan gurguzu masu sassauci a matsayin babban abokin gaba, har lokaci ya ƙure.

Yanzu ga bambancinsa da mulkin kama-karya na yau da kullum. Janar ɗin da ya yi juyin mulki, ko sarki mai cikakken iko, abin da yake so daga talaka shi ne shiru: ka je gonarka ko kasuwarka, ka yi ibadarka, ka bar siyasa. Ɗan Fasist bai yarda da shirunka ba. Yana son ka fito gangami, ka sa kaki, ka yi ihu, ka ba da ɗanka. A Italiya akwai ƙungiyar Balilla ta yara, akwai Dopolavoro da ke tsara wa ma'aikaci hutunsa bayan tashi daga aiki, an sa wa gwauraye haraji a 1927 don a ƙara haihuwa, a Disambar 1935 kuma aka sa mata suka miƙa zoben aurensu na zinariya don yaƙin Habasha. Musolini ya ce komai yana cikin gwamnati, babu abin da ke wajenta, babu abin da zai ja da ita. Bai cim ma hakan gaba ɗaya ba, tunda sarki da coci da rundunar soja sun ci gaba da zama da ƙafafunsu, amma burin ke nan.

Shaida mafi ƙarfi a kan wannan bambanci ita ce yadda masu kama-karya na gargajiya suka yi da 'yan Fasist na ƙasashensu. Salazar na Fotugal ya haramta ƙungiyar masu shuɗiyar riga ta Rolão Preto a 1934. A Romaniya gwamnatin sarki Carol ta kashe Codreanu, jagoran 'yan Fasist na ƙasar, a 1938, Janar Antonescu kuma ya murƙushe ragowarsu a 1941. Franco na Sifaniya ya haɗiye jam'iyyar Falange a 1937, ya cakuɗa ta da 'yan sarauta, ya riƙe linzaminta. Waɗannan mutanen azzalumai ne, Franco ya kashe dubban mutane, Antonescu yana da hannu dumu-dumu a kisan Yahudawa. Raba su da Fasistanci ba wanke su ba ne. Amfanin rabewar shi ne a gane cewa cututtuka biyu ne, kowace da yadda take kama ƙasa.

Kan tattalin arziki ba zan daɗe ba, domin su ma ba su ɗauke shi da muhimmanci ba sai gwargwadon yadda zai ƙarfafa ƙasa don yaƙi. Sun ce sun zo da hanya ta uku tsakanin jari-hujja da gurguzu, inda ma'aikata da masu masana'antu za su zauna cikin hukuma ɗaya a ƙarƙashin gwamnati. A aikace an haramta yajin aiki a Italiya a 1926, an rusa ƙungiyoyin ƙwadagon Jamus ranar 2 ga Mayun 1933, masu jari suka riƙe dukiyarsu da ribarsu muddin sun bi umarni. Wannan ne ma amsar masu cewa tunda akwai kalmar gurguzu a sunan jam'iyyar Nazi to 'yan gurguzu ne. A duba waɗanda suka fara cika sansanin Dachau a 1933, 'yan kwaminis ne da 'yan gurguzu da shugabannin ƙwadago.

Akwai wata magana da nake so in yi mata gyara, wadda ke cewa Hitila ne mugun, Fasistancin Italiya mai sauƙi ne, ba ruwansa da wariyar jinsi sai da Jamus ta ja shi a 1938. Gaskiya ne cewa a Jamus jini da jinsi su ne tushen komai, daga dokokin Nuremberg na 1935 har zuwa kisan ƙare dangi da ya ci Yahudawa miliyan 6, ga 'yan ƙabilar Roma da naƙasassu da aka hallaka. Gaskiya ne kuma akwai Yahudawa a jam'iyyar Musolini kafin dokokin 1938 su kore su daga makarantu da aikin gwamnati. Amma mai cewa na Italiya mai sauƙi ne bai waiwayi Afirka ba. A gabashin Libiya, domin a karya gwagwarmayar Sanusiyya, manyan hafsoshin sojan Italiya Badoglio da Graziani sun kwashe mutane kimanin 100,000 daga garuruwansu da makiyayarsu a farkon shekarun 1930, suka tura su sansanoni a hamada, inda dubun-dubata suka mutu da yunwa da cuta. Suka ja wayar ƙaya a kan iyakar Masar don kada taimako ya shigo. Ranar 16 ga Satumban 1931 suka rataye Umar al-Mukhtar, dattijo malamin Alƙur'ani, a Suluƙ, suka tara fursunonin sansani su kalla.

A Oktoban 1935 Italiya ta afka wa Habasha, tana neman huce haushin kayen da ta sha a Adwa a 1896. Jiragenta suka zubar da iskar guba a kan sojoji da ƙauyuka. Haile Selassie ya je Geneva a Yunin 1936 ya kai kuka gaban ƙungiyar ƙasashen duniya ta lokacin, ba a share masa hawaye ba. A Fabrairun 1937, bayan an jefa wa Graziani gurneti a Addis Ababa, aka saki masu baƙar riga a kan mutanen birnin har kwana uku, aka kashe dubbai, bayan 'yan watanni kuma aka karkashe malaman gidan ibada na Debre Libanos. A wannan shekarar aka kafa dokar hana Ba'italiye zaman aure da 'yar Afirka, shekara guda kafin dokokin da suka shafi Yahudawa. Mulkin mallaka ya girmi Fasistanci, Italiya ma tun 1911 ta shiga Libiya, kuma Jamus ta yi wa 'yan ƙabilar Herero da ke Namibiya ta yau kisan ƙare dangi tun 1904. Shi ya sa marubuci Aimé Césaire na tsibirin Martinique ya ce abin da ya firgita Turai game da Hitila shi ne ya yi wa Turawa abin da a da ake yi wa mutanen da aka mallaka kaɗai. Ban ce wannan ya bayyana komai ba, amma ban ga yadda za a fahimci Fasistanci an tsallake shi ba.

Ka tambayi yadda masu ilimi suka bi shi. Wasu da zuciya ɗaya suka bi: Gentile babban malamin falsafa ne, Martin Heidegger da masanin shari'a Carl Schmitt duk sun shiga jam'iyyar Nazi a 1933. Sun gaji da majalisar da ba ta iya yanke komai, aka zo musu da alƙawarin ma'ana da haɗin kai da girma. Wasu tsoron kwaminisanci ya kai su, kuma wannan tsoron ya wuce iyakar Italiya, domin Winston Churchill ya yaba wa Musolini a Rum a 1927, fadar Paparoma ta ƙulla yarjejeniyar Lateran da shi a 1929. Mafi yawa kuwa abincinsu suka kare. A 1931 aka buƙaci malaman jami'o'in Italiya, su fiye da 1,200, su yi rantsuwar biyayya ga gwamnatin Fasist. Waɗanda suka ƙi ba su fi goma sha biyu ko kusa da haka ba. Wannan adadin ya fi duk jawaban Musolini tayar mini da hankali, saboda waɗancan malaman ba jahilai ba ne, ba kuma mugaye ba ne akasarinsu, kowanne ya gaya wa kansa cewa sa hannu ne kawai.

Game da kiran shugabannin yau 'yan Fasist, shawarata ita ce a yi taka-tsantsan ta fuska biyu. Tsaurin hali, ko ƙin baƙi, ko danne 'yan jarida, kowanne shi kaɗai bai isa ba, kuma idan aka liƙa wa kowa sunan, ranar da na gaskiya ya zo ba mai saurare. A ɗaya ɓangaren, kada a jira sai an ga baƙar riga da ɗaga hannu, domin kowane Fasistanci da tufafin ƙasarsa yake zuwa, da tarihinta da tutarta. Abin dubawa shi ne ko akwai taron jama'a da aka gina a kan labarin wulaƙanci da farfaɗowa, ko an ware wasu 'yan ƙasa an ce su ne cutar, ko jam'iyya tana da 'yan bangan da hukuma ke kawar wa kai, ko jagora ya ɗora kansa a saman doka, sannan ko manyan ƙasa sun fara cewa za su iya amfani da shi su juya shi. Masana da na ambata sun saɓa a kan wasu 'yan siyasar wannan zamani, kuma saɓanin nasu na gaskiya ne.

Majalisar ƙoli ta jam'iyyarsa ce ta juya wa Musolini baya a Yulin 1943, 'yan gwagwarmaya suka harbe shi ranar 28 ga Afrilun 1945. Tsarin mulkin Italiya ya haramta sake kafa jam'iyyar Fasist, amma tun Disambar 1946 tsofaffin mabiyansa suka kafa jam'iyyar MSI, ta kuma zauna a majalisa shekaru da dama. An gurfanar da shugabannin Nazi a Nuremberg, ba a yi wa na Italiya irin wannan shari'a ba, duk da cewa Habasha ta nemi a miƙa mata su. Badoglio ya zama firaminista bayan faɗuwar Musolini, ya mutu a gidansa a 1956. Graziani kotun Italiya ta yanke masa shekara 19, saboda haɗa kai da Jamusawa, ba don Libiya ko Habasha ba, aka sake shi bayan 'yan watanni, ya zama shugaban girmamawa na MSI. A 2012 garin Affile da ke kusa da Rum ya gina masa wurin tunawa da kuɗin jama'a.